Ranar da Auta Ya Haɗa wa Inna Gado

Ku gyara zama, wannan labarin ba sai na ƙara masa gishiri ba, da gishirinsa ya zo.

Auta ne ya dawo hutun ƙarshen shekara daga ƙasar waje, bayan ya daɗe har yaran da ya bari a goye sun fara zuwa aike. Ya sauko daga mota sanye da wata rigar sanyi mai gashi a wuya, rana kuwa ta take, ko kare ya nemi inuwa. Gumi yana tsiyaya a bayansa, amma ya ƙi cire ta, wai jikinsa bai gama sabawa da iskar nan ba. Tela, abokinsa tun suna wasan ƙasa, ya leƙo daga shago da almakashi a hannu, ya dube shi sama da ƙasa.

"Auta, zazzaɓi kake yi?"

"Injiniya," ya gyara masa. "A can Injiniya ake ce min."

"To Injiniya, zazzaɓi kake yi?"

Gaskiyar magana, a kamfanin kayan ɗaki Auta yake aiki, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai aikin nasa shi ne manna wa kwalaye salatif, ya tura su bakin mota. Kujera ce a ciki, ko teburi, ko gado, bai taɓa ganin ɗaya a haɗe ba sai a hoton da ke jikin kwalin. Amma wa zai hau jirgi ya je ya bincika? A bakin shagon Tela shi ne mai zana kayan, shi ne mai haɗa su, kuma shugabannin kamfanin ko tari ba sa yi sai sun nemi shawararsa.

Hutun nan duk a waje ya cinye shi. Da safe yana shagon Tela. Da rana yana wajen masu wankin mota yana koya musu yadda ake riƙe tsumma a can. Da yamma yana majalisar Kawu, ƙanin Inna, yana gyara wa dattawa siyasar duniya. Inna kuwa, tsohuwa mai fama da ciwon baya, kullum sai ta shimfiɗa tabarma a barandar ɗakinta ta ce, "Auta, zo mana ka zauna." Shi kuma ya ce, "Ina zuwa Inna, yanzu-yanzun nan." Kafin yanzu-yanzun Auta ya iso, Inna ta yi barci.

Wata rana ya shigo ɗaukar cajar waya, sai ya ji Inna tana hira da wasu baƙi mata. Tana nuna Yaya, babbar 'yarta da ke zaune da ita tana kula da ita, tana cewa, "Wannan ita ce idona, ita ce ƙafata. Allah ya yi mata albarka."

"Shi fa na ƙasar wajen?" in ji ɗaya daga cikin baƙin.

Inna ta ce, "Shi ma yana kiran waya."

Shi ma yana kiran waya! Maganar nan ta soki Auta har ƙashi, ya fita ko cajar bai ɗauka ba. Ya rantse a ransa ba zai taka jirgi ba sai Inna ta sa masa albarka da bakinta, a gaban mutane, da ƙarfi yadda na bayan katanga zai ji. Kuma ya san abin da zai sa ta faɗa. Tun kafin ya taso ya turo wani gado ta jirgin ruwa, mai aiki da lantarki: ka danna nan ya ɗaga maka kai, ka danna can ya ɗaga maka ƙafa, maganin ciwon baya ke nan sadidan.

Kwalayen ba su iso ba sai ana gobe zai koma. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a ganin Auta masu iya magana ba su taɓa fita waje ba. Da sassafe ya lallaɓi Inna ta je wuni gidan ƙawarta a wata unguwa, ya sa ta a mota da kansa har da rufe mata ƙofa. Sannan ya bi layi gida-gida yana gayyata: bayan la'asar kowa ya zo, maza da mata, za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Yana ganin Yaya ta ɗauki jaka ta nufi kasuwa, ya faɗa ɗakin Inna.

Tsohon gadon na katako ne, baƙi wuluk, mai nauyin tsiya. Marigayi Baba ne ya sa aka ƙera shi a cikin ɗakin tun Inna tana amarya, kuma tun daga ranar bai matsa ko taku ɗaya ba. Auta ya ja shi, ya tura shi, ya karkata shi, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana haki. Sai ya tsallaka maƙwabta ya aro zarto.

Ko da Yaya ta dawo, ta tarar da tarin katako a gindin katanga, da garin zarto a ko'ina, da ƙaninta yana karkaɗe hannu. Jakar cefanen ta suɓuce mata.

"Innalillahi! Auta, me ka yi?"

"Ya ƙi fita ne, na taimaka masa."

"Gadon Baba ne fa! A kansa aka haife ka!"

"To ai na girma, Yaya. Shi ma ya yi ritaya. A can, gado in ya ɗan kwana biyu..."

"Ka daina ce min a can! A nan muke!" Ta zauna a kan bokiti, idonta ya kawo ruwa. "Ni dai ba hannuna ba ƙafata. Kai za ka yi mata bayani."

"Wane bayani? In ta ga sabon, ko kamannin tsohon ba za ta tuna ba."

Ya jawo kwalayen tsakiyar gida ya hau yanke salatif, kuma wannan kam ya yi shi da gwaninta, sai wanda ya gani. Kafin ya gama zazzage kayan, Kawu ya shigo da sandarsa, Tela ya rufe shago ya biyo shi, ga Direba, wani ƙato da ke gidan da ke kallon nasu, shi ma ya zo ba da hannu. A kan katanga kawuna sun fara jeruwa.

"Ba a ɗaki za ka haɗa ba?" in ji Kawu.

"Ɗaki akwai duhu, Kawu. Aikin injiniya yana son haske."

Ba haske yake so ba, 'yan kallo yake so. A ɗaki wa zai gan shi?

Tela ya dubi tarin baƙin katakon, ya dubi ƙofar ɗakin. "Na ga kamar shi tsohon bai fito ba sai da..."

"Tela, ni ina shiga maka harkar ɗinki?"

"A'a."

"To riƙe min wannan ƙarfen, ka yi shiru."

Takardar bayanin da ta zo a kwalin kuwa, ya ninke ta ya mai da ita mafici. Kawu ya cire hularsa aka zuba kusoshi a ciki. Haɗin farko, ƙafafu biyu suka kalli ƙasa, biyu suka kalli sama. Auta ya ce gwaji ne. Haɗi na biyu, allon kai ya koma wajen ƙafa. Ya ce a can haka wasu suke so. A na uku abin ya tsaya kamar gado, amma da Direba ya ɗora masa yatsa sai ya hau rawa, har wata mata a kan katanga ta ce a kawo masa makaɗi.

Wannan dariyar ce ta ɓata wa Auta rai. Ya fita da kansa ya sayo gam mai ƙarfi, babban gwangwani, ya bi duk wata gaɓa da wani rami da wata mahaɗa ya ɗura musu, har inda ba su nema ba.

"Abin da na haɗa," ya ce yana goge hannu a kwali, "ko guduma ba ta raba shi."

A duk hutun nan, wannan ce kaɗai gaskiyar da ta fito daga bakinsa.

Kawu ya girgiza hula, ta yi ƙara. "Waɗannan kusoshin da suka rage fa?"

"Kyauta ce. Kamfani yana ƙara wa manyan ma'aikata. Kawu, zo ka hau, kai za ka buɗe shi."

Kawu ya yi ta noƙewa, amma da ya ga idon jama'a a kansa sai ya cire takalmi ya miƙe a kan katifa, ya ɗora hannu a ciki kamar mai jiran likita. Aka jawo wayar wuta daga baranda aka jona. Auta ya ɗaga ɗan madannin gadon sama kowa ya gani, sannan ya danna biyu a lokaci guda, don a san ba ƙaramin gado ba ne. Kai ya taso, ƙafa ta taso. Kawu ya fara murmushi, sai ya ga gwiwoyinsa suna nufo gemunsa.

"Auta! Kai Auta! Ya isa!"

"Motsa jiki ne, Kawu."

"Sauke ni don ubanka! Ninke ni zai yi!"

Auta ya daddanna, gado ya ƙara matsewa, sai da Tela ya fizge wayar wuta sannan aka zaro Kawu ta gefe. Da aka sake jonawa gadon ya miƙe abinsa kamar ba shi ba. Kawu ya tsaya a karkace yana riƙe da kwankwaso.

"Wannan ba gado ba ne, tarko ne. 'Yar'uwar tawa za ka ɗana wa?"

Amma 'yan katanga sun tafa, har da masu fito, kuma tafin ne kaɗai ya shiga kunnen Auta. Ya ji kansa ya yi girma har rigar sanyin ta yi masa kaɗan.

"Yanzu sai a shigar da shi," ya ce. "Ni zan shiga ciki in ba da umarni."

Ya shige ɗakin. Direba da Tela da wasu samari biyu suka ɗago gadon a kwance suka nufi ƙofa. Ƙofa ta dube su, suka dube ta. Ko makaho ya shafa ya san ba za a daidaita ba.

"Ku karkata shi a gefe!" Auta ya daka musu tsawa daga ciki. "Sai an gaya muku komai?"

Suka tsai da shi a gefe, wajen ƙafa ya shiga sumul, Auta yana ja yana cewa, "Kun gani? Lissafi ne." Suna kaiwa tsakiya, akwatin injin da ke manne a cikin gadon ya daki bakin ƙofa, ƙum.

"A kwance shi mana, a shigar da shi gunduwa-gunduwa," in ji Yaya daga kan bokitinta.

Kowa ya tuna da gwangwanin gam.

"Murfin ƙofar ne ya cika wuri," in ji Auta. "Ku cire shi."

Aka ɓalle murfin ƙofa aka jingine a bango. Aka tura, ƙum. Tela, wanda tun ɗazu yake ji da kansa a matsayin mai hankalin taron, ya ce abin da ya ƙi shiga ai mai yake so, shi ma haka yake yi wa keken ɗinki. Kafin Yaya ta miƙe, ya ɗauko galan ɗin man girkin da ta sayo ɗazu, ya kwarara a bakin ƙofa, ya shafe akwatin injin, saura ya malala a baranda. Aka tura. Gado bai motsa ba, amma Direba ya motsa: ƙafafunsa suka yi gaba, ya zauna daɓas, ya tafi da samarin nan biyu.

"Man girkina!" in ji Yaya. "Allah ya isa tsakanina da ku!"

Kawu ya ce su duka yara ne, a sassaƙe gefen ƙofar kawai. Aka kawo guduma da kurfi. Bugu uku, siminti ya ɓalle ya zubo wa Auta a ka, ya koma fari fat kamar wanda ya faɗa buhun gari, yana tari yana cewa a ci gaba, aiki yana kyau.

Direba ya miƙe, wandonsa sharkaf da mai, ransa a ɓace. Ya juya wajen katanga. "Ku sauko! Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi!" Maza suka diddiro, suka jeru a bayan gado, wannan ya dafa wancan. Direba ya ce, "Ya Allah!" suka ɗauka gaba ɗaya. Aka ji wata ƙara, ƙaƙas! Akwatin injin ya kutsa cikin bakin ƙofar ya zauna daram. Suka ƙara turawa, ko gezau. Suka ce to a jawo shi baya, nan ma ko gezau. Rabi a ɗaki, rabi a baranda, ya toshe ƙofar ruf, sai wata 'yar kafa da ta rage a sama.

"Injiniya," in ji Tela, "ya shiga ko bai shiga ba? Mu nan mun kasa ganewa."

"Ku matsa! Matsalarku ke nan, komai ƙarfi. A can da ƙwaƙwalwa muke aiki."

Dabara ce ta faɗo masa, kuma har ya ji tausayin mutanen da ba za su taɓa yin irin wannan tunanin ba. Gadon da ya ninke Kawu ai zai iya ninke kansa. In ya ninke, ya tsuke, in ya tsuke, ya wuce. Ya laluba ya jona wayar gadon a bangon ɗakin, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku kalli ikon ilimi!"

Ya danna. Sai dai gam ɗin da yake ɗanye a lokacin Kawu yanzu ya bushe ya zama dutse. Injin ya yi gurnani, ya yi nishi, gado ya hau karkarwa. Ɓangare ɗaya ya yunƙura da ƙyar ya tokare bakin ƙofa, bango ya tsage tun daga saman ƙofar har rufi. Sai fau! Hayaƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen roba ya cika gidan, fankar baranda ta tsaya cak. Daga bayan katanga wata murya ta taso, "Wa ya kashe mana wuta? Ina da kaya a firij!" Wata ta amsa daga can gaba. Kafin ka ce kwabo layin gaba ɗaya ya san ikon ilimi.

Yanzu kam Auta ya gane ya kulle kansa. Ɗakin ya yi duhu, ya yi zafi, tagarsa ɗaya ce kuma da ƙarafa a jiki. A karon farko tun saukarsa ya cire rigar sanyin. Ya taka gefen gadon ya cusa kai ta kafar sama. Kai ya fita, kafaɗa ta fita, tumbi ya ce shi ba inda za shi.

"Ku ja ni!"

Direba ya kama hannu ɗaya, Tela ya kama ɗaya, suna zamewa a kan mai suna ja. Aka ji kyaaat! Wani ƙarfe ya riƙe wandon Auta ta baya, ya raba shi biyu. Daidai lokacin baƙin da ya gayyata suka fara sallama, mata cikin kwalliya, dattawa da manyan riguna, kowa ya zo ganin abin da ba a taɓa gani ba. Abin da suka fara gani shi ne rabin Injiniya a saman ƙofa, fari fat, yana wutsil-wutsil.

"Ku mai da ni! Ku mai da ni ciki!"

Suka tura shi, ya faɗa ɗaki tim.

Da wani ne da ya lafe a lungu ya yi shiru. Auta kuwa ɗaura rigar sanyin ya yi a ƙugu, ya matso taga ya riƙe ƙarafa, ya gyara murya.

"Jama'a, barkanku da zuwa. Abin da kuke gani mataki na farko ne."

"Na biyun rushe gidan ne?" in ji wata tsohuwa.

"Injiniya, a can in mutum ya kulle kansa wa ake kira?" in ji Tela. "Mu kira maka shi a waya."

"Kai ka zuba mai, munafuki!"

"Ni na zuba gam?"

Kawu ya dawo daga maƙwabta da gatari a kafaɗa, ya ce a ba shi wuri, dama yana da jiƙaƙƙiya da gadon nan. Auta ya ƙwalla ƙara.

"Kada ka taɓa shi, Kawu! Inna ba ta gani ba tukuna! Yaya, don Allah samo zani ki lulluɓe shi, in ta zo sai a yaye."

"In lulluɓe har da tsagar bangon?" in ji Yaya. "Ko ita a bar mata a buɗe?"

Ana cikin wannan aka ji sallama a bakin ƙofar gida, wata siririyar murya da kowa ya sani. Dariya ta ɗauke kamar yadda wuta ta ɗauke. Mutane suka dare, Inna ta shigo a hankali, hannu ɗaya a bayanta.

Ta dubi man da ya malale a baranda. Ta dubi murfin ƙofarta a jingine. Ta bi tsagar bango da ido har rufi, ta sauko kan gadon da ke hayaƙi, ta gangaro kan ɗanta a bayan ƙarafa, kansa fari da siminti. Sai da ta juya ne idonta ya faɗa kan tarin baƙin katako a gindin katanga.

Ta taka har wurin. Duk da ciwon bayan nan ta sunkuya ta ɗauki guntu ɗaya, wani yanki na allon kai da ya yi santsi saboda shekarun jingina. Ta sa bakin mayafinta ta share masa garin zarto. Auta ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin wadda bai taɓa ji ba, ya so ƙasa ta tsage kamar yadda bango ya yi. Amma bakin da ya saba ba ya rufuwa lokaci guda.

"Inna, shi wannan sabon yana ɗaga kai."

"Na ga ya ɗaga."

"Yana ɗaga ƙafa ma."

"Ya ɗaga ta kawunka. Tun a bakin layi aka tare ni da labari."

Wani ya ƙyalƙyale, aka zungure shi. Auta ya saki ƙarafan tagar. Muryar Injiniya ta gudu ta bar shi, sai wata ƙarama ta fito, a gaban duk mutanen da ya tara da kansa.

"Na so ne ki sa min albarka, Inna. Kamar yadda kike sa wa Yaya."

Inna ta dube shi.

"Kullum sai na sa maka. Kai ne ba ka zama ka ji."

Kawu ya share maƙogwaro, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari. "Bari in fito da shi, 'yar'uwa, sai ki ja masa kunne da kyau."

"Ajiye gatarin nan," in ji Inna.

"To in kira mai walda ya yanke ƙarafan tagar?" in ji Direba.

"An yanka min gado, an cire min ƙofa, an tsaga min bango. Tagar ma ba za a bar min ba?"

Yaya ta matso kusa da ita. "Inna, jirginsa gobe ne fa da safe."

"Na sani."

"Ke kuma ina za ki kwana?"

"Ɗakinki. Ba a sa masa gam ba, ko?"

"Inna!" Auta ya sake kama ƙarafa. "Jirgi ba ya jira!"

"Ni na iya jira. Shi ma ya koya."

Ta juya wajen baƙi ta yi musu godiya ɗaya bayan ɗaya, ta ce Allah ya ba da ladan zumunci, a gai da mutan gida, kuma a yi hattara da santsi. Suka fita suna toshe baki da mayafi da hannun riga, suna kaiwa waje aka ji layin ya ɓarke da dariya. Tela ne na ƙarshe. Ya tsaya a bakin taga kamar zai jefa wata baƙar magana, ya dubi fuskar abokinsa, sai ya haɗiye ta ya wuce.

Inna ta sa Yaya ta kawo mata kujera ta ajiye a gindin tagar, ta zauna, guntun katakon a kan cinyarta. Aka zubo abinci a ƙaramin kwano, ta karkata shi ta tura ta tsakanin ƙarafa.

"Zauna."

"Ba kujera a nan, Inna."

"Akwai ƙasa."

Ya zauna a ƙasa, kwano a hannu. Daga nan ba ya ganin komai sai fuskarta.

"To," ta ce. "Fara min tun daga ranar da ka sauka a can. Kada ka yi sauri. Kuma ka bar Injiniya a waje, da ɗana nake magana."

Ya nemi duk labaran da ya yi ta rabawa a bakin shago da majalisa, ya rasa wanda zai iya miƙa mata ta wannan tagar.

"Akwai sanyi, Inna," ya ce.

"Ci abincin tukuna," in ji ta. "Ba inda za ka."